Auta Biyu a Gidan Iya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Na ji ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma fita da kansa, na yi hamdala. Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar mana su shi da Umma. Ni ma jiki lau, zuciya ce dai ba ta zauna ba. Ita ta sa na ɗauki biro, don in na kira ki a waya dariya za ki yi mini tun ban kai ƙarshe ba.

Kin san aikin sa-kan da ya kawo ni ƙasar nan saura 'yan watanni ya ƙare. To, ƙungiyarmu ta kawo sababbi da za su koyi aiki kafin a rarraba su, ni kuma tsohuwar hannu aka ce in tarbo su. Na je filin jirgi riƙe da kwali, suka fito suna rarraba ido, da jakunkuna kamar masu ƙaura. Na nuna musu inda ake shiga mota, da inda ake sayen layin waya, da yadda ake gaida manya da yaren garin. A cikinsu akwai wata siririya da bakinta ba ya rufuwa don fara'a, ni dai a raina na sa mata Haƙora. Da aka zo raba masauki, ni da bakina na ce a kawo ta gidan Iya, tsohuwar da nake zaune a wurinta, tunda ɗakin da ke kallon nawa babu kowa. Babu wanda ya sa ni, Yaya.

Ke shaida ce a kan wuyar da na sha kafin Iya ta saki jiki da ni. Watanni ta yi tana ce mini baƙuwa. Sai da ciwon ido ya kama ta, na riƙa ɗiga mata magani kullum da safe, sannan wata rana ta riƙe hannuna ta kira ni Auta da yarensu. Har rubuto miki na yi don murna. Ko ɗanta, in ya zo ganin gida, ba ta yarda ya taɓa mata ido, wai hannunsa nauyi.

Haƙora kuwa ko wata ba ta cika ba ta cinye gidan. Yaren da na yi ta tuntuɓe a kai ana mini dariya, ita kamar da shi aka haife ta. A ɗakin awon jarirai na asibitin da muke aiki ma haka. Ni na koya mata ta murza tafukanta su yi ɗumi kafin ta ɗauki yaro, amma yanzu iyaye layinta suke bi, suna cewa yaro ba ya kuka a hannunta. Ni ina zaune da ma'aunina ina korar ƙuda. Abin haushin, yarinyar ba ta da laifi ko ɗaya. Na nema, wallahi na nema, ban samu ba.

Ranar da abin ya kai ni maƙura, na ɗan makara a wanka. Ina fitowa na tarar da Iya ta jingina kai a kujerarta ta bakin taga, Haƙora na tsaye a kanta da kwalbar magani. Iya ta ce hannun Auta akwai sanyi. Na amsa tun daga bakin ƙofa, har da murmushina. Sai ta juyo tana ƙifta ido, ta ce ai ba da ni take ba, ni yanzu na girma, na zama Yaya. Su biyu suka yi dariya, ni ma na yaƙe baki. Na shiga ɗaki na rufe, ranar ko karyawa ban yi ba.

Shekaranjiya shugabarmu ta kira ni ofis, ta ce tunda ni na san sababbin, in faɗa mata inda ya dace a ajiye Haƙora: ko nan ta gaje ni, ko wani asibiti mai nisa da ke neman mai ƙwazo. Kalma ɗaya zan faɗa a kwashe ta da jakunkunanta. Har na shirya hujjata, cewa can sun fi bukatarta, kuma ba ƙarya ba ne. Na buɗe baki ke nan sai na tuna in na tafi, ita ma ta tafi, kwalbar nan za ta zauna a kan taga babu mai ɗauka. Na ce a bar ta a nan. Kada ki ce na kyauta, don da ƙyar maganar ta fita, kuma har yanzu in na ji dariyarsu a tsakar gida sai in tashi in rufe tagata.

Yaya, Umma takan ba da labarin cewa da aka haife ni kin shige ƙarƙashin gado, kin ce a mayar da ni asibiti a karɓo miki sunanki. Duk tsawon rayuwata ina ƙyalƙyala dariya in an zo wurin nan, yau kam ba ta zo ba. Don Allah ki gaya mini gaskiya, sai yaushe kika daina amsawa in an kira Auta? Ni dai ko da safen nan sai da na amsa.

Ki gaida Baba da Umma, da Gwaggo, da Kawu mai shago, da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Ki kuma ja wa Umma kunne, kada in dawo in tarar ta ba wa jaririyarki sunana.

Ƙanwarki,
Auta, ko da a gidanmu ne kawai.