Sandar Tantin Baba

Madarunfa, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Bashir, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nafisa da yara da abokan aikinka na garaji. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan muna godiya ga Allah. Ruwa ya sauka sau uku, an gama shuka, tabki ya fara kawowa. Ƙafar Inna da sauƙi, har tana fita unguwa. 'Yata Firdausi ta ci jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, tun ranar ba ta bar kowa ya huta ba.

Yaya, ka san waya ta fi mini sauƙi da rubutu. Amma duk ranar da ka kira, Baba na jin muryarka yake karɓe wayar, maganar nan kuwa ba ta yiwuwa a gabansa. Lawali direba zai ba ka wani abu tare da takardar. Don Allah kada ka yi fushi sai ka karanta har ƙarshe.

Kamar kowace damina, Baba ya fara zagayensa na auren mangwaro, yana haɗa reshen iri mai kyau a jikin wata bishiyar. Yana hawa keke daga garka zuwa garka, lambunan mutane, ya kwana uku ko huɗu a waje, ya kafa tantinsa mai sanda ɗaya a tsakiya, don har yau ba ya yarda ya kwana gidan mutane. Tsohuwar sandarsa ta icen ƙirya ce, kai ma ka san nauyinta, ita ta ƙarasa masa gwiwa. Da ka aiko masa da wannan ta baƙin ƙarfe mara nauyi, mai guntu uku da ake zura juna, ban taɓa ganin murna irin tasa ba. Ya ɗora ta a tafin hannu yana nuna wa kowa a ƙofar masallaci, wai ɗansa na Agadas ya tuna da gwiwarsa. Ya naɗe ta cikin tsohon zanen Inna don kada fentinta ya ƙuje, ya ɗaure a jikin keke. Ni ma da na gani daɗi na ji, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Talata ya nufi wani ƙauye bayan Gabi. Ashe kwana biyu kafin nan 'yan bindiga sun shiga garin, sun kore shanu, sun tafi da mutum biyu. 'Yan sintiri suka tare shi a bakin gari da azahar. Suka ga tsoho baƙo da dogon abu naɗe cikin zane, suka ce ya kwance. Yaya, ka sa kanka a matsayinsu: bututun ƙarfe baƙi guda uku, kowane tsawon bakin bindigar maƙera, ga wuƙar aurensa mai kaifi, ga dunƙulen robar da yake ɗaure reshe da ita. Ɗaya ya ce irin robar nan ake ɗaure ƙotar bindiga da ita. Suka zaunar da shi a ƙasa cikin rana, suka cire masa hula. Mutane suka taru. Akwai wanda ƙanensa ke cikin waɗanda aka ɗauke, ya zo da adda da kulki, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Kafin a riƙe shi ya riga ya sauke wa Baba kulki a kafaɗa.

Baba ya roƙi mai gari a bar shi ya kafa tantin kowa ya gani da idonsa. Aka bar shi. To, yashi ya shiga bakin bututun lokacin da suka watsar da kayan, guntun ya ƙi shiga. Sau biyu yana gwadawa yana kasawa, mutane na cewa ƙarya yake. A na uku ya share da bakin rigarsa, Allah ya sa ya shiga, tanti ya miƙe. Duk da haka wasu suka ce ai mutanen daji ma a tanti suke kwana. Abin da ya cece shi wata tsohuwa ce, Delu, da ta dawo daga rijiya ta leƙa taron. Ta ce wannan ai Maman mai aure ne na Madarunfa, shi ya aura mangwarorin garkar marigayi mijinta, ta rantse a gaban mai gari. Sai bayan la'asar suka ba shi haƙuri suka sallame shi.

Da ya dawo ya ɓoye mana abin da ya faru. Mijina Shamsu ne ya ji labarin a kasuwar Ɗan Issa ranar Juma'a, ana ba da shi ba a san surukinsa ba ne. Na je na iske Baba na ce ya ɗaga riga, na ga kafaɗar ta yi baƙi. Ba na ganin laifin mutanen garin, tsoro ya riga ya ci su. Kai ma ba ka da laifi, alheri ka yi nufi. Amma ban da tsohuwar nan ta biyo ta wurin, da yanzu wata takarda ce nake rubuta maka.

Ga abin da ya hana ni sukuni: ranar Alhamis zai sake fita, wajen garin Sarkin Yamma, kuma da sandar nan zai tafi. Na ce ya bar naɗe ta, ya ce za ta ƙuje. Ko bai naɗe ba ma, wanda ya hango baƙin bututu a jikin keke daga nesa ba lalle ne ya tsaya tambaya ba. Na tafi bakin tabki wurin Garba masunci, ya zaɓar mini busasshiyar gora cikin waɗanda suke tura jirgi da su, muka yanke ta daidai tsayin tantin. Na auna su biyun a hannu, da kaɗan ta fi taka nauyi, kuma ko makaho ya shafa ya san gora ce. Baba ya dube ta ya ce shi ba masunci ba ne, kuma tsawonta zai riƙa kama ƙaya a hanya. Da na matsa sai ya faɗi gaskiyar: wai yaron da shekara huɗu bai taka gida ba ya tuna da shi, ba zai jingine kyautarsa a bayan ɗaki don tsoron mutane ba. Ni da nake shafa masa mai a gwiwa kullum ba a taɓa kai labarina ƙofar masallaci ba, amma wannan mu bar shi sai mun haɗu.

Saboda haka jiya, yana sallar azahar, na shiga ɗakinsa na kwance zanen. Na sa wuƙarsa na yanke igiyar da ke cikin bututun mai haɗe guntayen, na zare guntun tsakiya, na naɗe sauran biyun yadda na same su. Guntun ne Lawali zai ba ka. Na ce kada ya naɗe shi da komai, ya jefa cikin kayan gyaran mota. Ba tare da shi ba sandar ba ta kai ko ƙirjin Baba, tanti ba zai tsaya ba. Tun da nake ban taɓa taɓa kayansa ba da izini ba sai jiya.

Bai sani ba tukuna. Ranar Laraba da yamma yake ɗaure kaya, a lokacin zai gani, kuma ni zan faɗa masa da bakina. Na san zai iya daina amsa gaisuwata, na yarda, in dai yana raye. Tsorona shi ne ya yi zuciya ya sa maƙeri ya yanko masa wani bututun ya cike. Lawali ya ce zai iso ku ranar Talata. Don girman Allah ka kira Baba ranar Laraba da safe. Kada ka ce za ka aiko wata. Ka ce masa ka ji abin da ya faru, kuma kai da ka ba shi sandar kai ne kake roƙonsa ya ɗauki gorar. Ni na yi magana har muryata ta dishe, taka ce kawai zai ji.

Guntun kuma ka ajiye shi wuri mai kyau. Ranar da Allah ya kawo lafiyar hanya, kada ka ba direba, ka kawo masa da hannunka.

Ka gaida Nafisa, da Mansur da Mardiyya. Inna tana sa maka albarka, Shamsu da Firdausi suna gaishe ka. Allah ya tsare mana Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran ranar Laraba,
Zahara'u