Gilashin da mijin yayata ya sayar mini

Kawu, don Allah ka taimake ni da shawara. Kwanakin nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni ma'aikaci ne a shagon buga takardu, daga safe har yamma ina gaban injin kwafi. Ranakun hutu kuma sai in rataya kyamarata in tafi filin ƙwallon da ke bayan unguwarmu, in ɗauki 'yan wasa, in fitar da hotunan a shagonmu su saya. Ba wani abin kirki ake samu ba, amma a bakin filin nan ne kawai nake jin ni ma na iya wani abu. Matsalata gilashin da ya zo da kyamarar ba ya janyo nesa. Mutum zai ci ƙwallo a ɗaya ragar, a hotona sai ka gan shi kamar ƙwaro. Na daɗe ina tara kuɗin babban gilashi, da na kusa sai farashi ya ƙara gaba, ko takalmin makarantar yara ya buɗe baki.

Sai mijin yayata ya ji labari. Gyaran waya yake yi, yana kuma sayar da kayan lantarki na hannu. Mutumin kirki ne, Kawu, lokacin da na karye a ƙafa shi ya yi ta jigila da ni zuwa asibiti. Kullum tsokanata yake yi, wai ɗan jaridan da ba shi da jarida. Ya ce in bar masa zai nemo, ya kuwa nemo: gilashi dogo mai nauyi, har da jakarsa. Ya ƙara mini da filta kyauta, wannan siririn gilashin da ake murzawa a bakin babban, shi da kansa ya ɗaura, ya ce don kada ya ƙarce. Ya karɓi abin da na tara, ya ce ko sisi bai ci riba ba, kuma na yarda da shi.

To hotunan ba sa fita. Kamar an shafa wa komai mai. In rana ta fuskance ni, sai wani kore-kore ya zauna a fuskar mutum. Na goge, na hura, na sake gogewa da gefen riga. Da na haska fitilar waya ta cikinsa, sai na ga wasu fararen zare-zare a gefe kamar saƙar gizo-gizo. Mai tsaron raga, wanda ya fi kowa sayen hotona, ya duba ya tambaye ni ko shara aka ƙona a filin ranar.

Ga shi kocin 'yan wasan ya ce ni zan ɗauki wasan ƙarshe a ƙarshen watan nan, in ya yi kyau su riƙe ni. Yayata kuwa duk wanda ya shiga gidanta sai ta ba shi labarin yadda mijinta ya share wa ƙanenta hawaye, har mahaifiyarmu ta kira shi ta sa masa albarka. Matata ta ce in mayar masa kawai, ciniki daban zumunci daban. Ita da sauƙin faɗa. Ni yanzu zagaye nake yi ta bayan layi don kada in bi ta gaban shagonsa. A wurin aiki hannu ɗaya na kan inji, ɗaya na duba farashi a waya, har na buga wa wani takardunsa a juye. Na fara yi wa babur ɗina kallon abin sayarwa. In yi shiru, wasan ya wuce ni. In yi magana, ban san da wane ido zan kalli yayata ba. Yaya zan yi?

Mai Hoton Bakin Fili

Ɗana, da farko dai ka ƙyale babur ɗin nan. Shi ke kai ka wurin aikin da ke ciyar da gidanka.

Na kai wasiƙarka wurin wani abokina da ya tsufa a harkar hoto. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ka taɓa kwance filtar ka ɗauki hoto babu ita. Ba ka faɗa ba, ina kuma zaton ba ka yi ba, tunda mai kyautar ne ya ɗaura. Abokin nawa ya ce filta mai arha kan jawo irin wannan dusashewar da kore-koren in rana ta buga. Zaren da ka gani fumfuna ce, danshi ke kawo ta, amma in a gefe take kuma ba ta yi yawa ba, sau da yawa ba ta cika ɓata hoto ba. Ka fita da rana, ka ɗauki bango guda da filta da kuma babu, ka gwada. In har yanzu da hazo, ka kai wa mai gyaran kyamara ya faɗa maka ko fumfunar za ta goge ko ta riga ta ci gilashin. Kafin nan kada ka ajiye shi jaka ɗaya da ƙaramin gilashinka, ka sa shi wuri busasshe.

Matarka tana da gaskiya, kuɗin guminka ne. Kai ma kana da taka, domin mutumin da ya yi jigila da kai ba a shiga masa da fushi. Amma ka duba ta gefensa: mai gyaran waya ne, da wuya ya san ana haska gilashi kafin a saya. Wataƙila shi ma sayar masa aka yi a haka, kuma duk ranar da ka ƙara da shiru, mayarwa ga wanda ya sayar masa na ƙara wuya. Zagayen da kake yi kuma zai lura, ya fassara shi da abin da ya fi wannan muni.

Ka je shagonsa kai kaɗai, ba ta bakin yayarka ba. Ka fara da godiya, ka nuna masa hotunan biyu, ka ce masa, Yaya, zo ka ga abin da na gano, yaya za mu yi? Ka bar shi ya zama mai neman mafita tare da kai.

Wasan ƙarshe kuwa, kada ka jingina shi da wannan rigimar. Ka yi hayar gilashi na yini guda, ka gwada shi a gaban mai shi, ka tsaya kusa da raga rana na bayanka. Nan gaba duk abin da za ka saya na hannu, ka ɗora shi a kyamararka kafin kuɗi ya bar aljihunka, ko da a hannun ɗan'uwa ne.

Ka je wurinsa cikin makon nan. Allah ya ba ka sa'ar wasan, ya bar ku da zumuncinku.

Kawunka