Wuyana a Hannun Tubabbe

Litinin, 3 ga Maris
Yau jami'in gwamnati ya kawo min wani mutum shago. Ɗaya daga cikin 'yan tawayen da suka ajiye bindiga, wai in koya masa aski. Gwamnati ta ce sana'a ce za ta hana su komawa daji. Ni fa ba a tambaye ni ba. Magidanci ne, har da furfura a gemu. Ko ido bai ɗaga ba.

Laraba, 5 ga Maris
Shara kawai na ba shi. Direban nan da ya shekara yana aski a wurina ya leƙo, ya gan shi, ya ce, "Ina zuwa." Har yanzu yana zuwa.

Asabar, 8 ga Maris
Gabana faɗuwa yake duk sanda ya gitta ta bayana. A madubi nake gadinsa, har na kusa yanke kunnen yaron mutane.

Talata, 11 ga Maris
Ya iya kilifa, saura aska. Nan ne matsalar. A ƙa'idar da na gada wurin maigidana, ba mai ɗora aska a wuyan baƙo sai ya fara gwadawa a wuyan wanda ya koya masa. Duk yaran da na yaye haka muka yi. Jami'in ya ce in bai ƙware ba a watan nan za a mayar da shi sansanin tubabbu.

Alhamis, 13 ga Maris
Maman yara ta ce, "Malam, wuyan naka nawa ne? Ka ba shi kabewa ya koya mana!" Na yi dariya, amma tsoro nake ji, wallahi.

Juma'a, 14 ga Maris
Na zauna. Ya shafa kumfa, ya ɗauki askar, ya tsaya. Ya ce, "Maigida, in ba ka so, a bari." Na ce, "Ja fatar da yatsa biyu, ka bi kwanciyar gashi." Ya ɗan yanke ni a ƙarƙashin haɓa. Shi ya fara kuka, ba ni ba.

Laraba, 26 ga Maris
Ciniki dai sai a hankali. Da azahar na fita sayo sabulu, na bar shi da wani tsoho a kujera. Sai da na kai bakin titi na tuna ban kulle asake a durowa ba, abin da nake yi kullum tun zuwansa. Na ɗan tsaya. Rana ta yi zafi, shi ya sa ban koma ba.