Kada Aska ta Taɓa Sani

Zuwa ga ƙanwata Hadiza a Agadas,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, musamman Sani. Ya zaman baƙunta? Mu nan Damagaram sai haƙuri.

Ilu, ɗan Yaya Mariama, ya rasu a wannan mako. An yi masa kaciya a Gaffati tare da sa'o'insa, kowa ya warke, shi jini ya ƙi tsayawa. Kafin mu iso da shi gidan likita an makara.

Likitan, wani Bafaranshe, ya sa tafinta ya tambaye ni asalinmu. Na fara jero kakanni maza har Barno, ya ce shi matan yake nema. Ya zana mu a takarda, mace da'ira, namiji kusurwa huɗu, yana baƙanta duk wanda jini ya kashe: Kawu Isa ƙanen Inna, da ƙanenmu Habu, da Ilu. Ya ce ciwon ta wajen uwa yake bi. Ita lafiyarta lau, ɗanta namiji ke iya ɗauka.

A takardar, ke da Yaya layinku ɗaya, Sani yana ƙarƙashinki. Don Allah kada aska ta taɓa shi sai likita ya duba shi, ko da dangin mijinki za su yi surutu.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Inna kam ban gaya mata maganar likitan ba. Har yanzu wanzamin take tsine wa, na bar ta a haka.

Yayanki,
Mamman