Haƙoran Fanna da Shagon Cikin Makarantarka

Zuwa ga Hedimasta kuma mai makarantar firamare ta kuɗi da ke unguwarmu, Lamisula, Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Yagana mai ɗinki, mahaifiyar Fanna ta aji biyu, matar da ka bari a kan benci tun daga ƙarfe tara har aka yi kiran azahar, ranar Larabar da aka dawo hutun ƙaramar Sallah. Ka ce in ina da magana in nemi wanda ya yi boko ya rubuto maka. Ban nemi kowa ba. Na yi ajin yaƙi da jahilci, da hannuna na rubuta wannan, kuma na kai wa jarida don sauran iyaye su karanta tare da kai.

Na ɗaya. Bara ka kafa doka cewa kada yaro ya shigo da abinci daga gida, wai kwanuka na jawo ƙuda da ƙazanta. Muka yarda. A makon ne kuma aka buɗe shago a gindin dalbejiyar tsakar makaranta, matarka ke zaune a ciki. Na leƙa da idona. Alawa ce, da minti, da cingam, da biskit, sai ruwan sukari ja da kore da ake daskarewa a leda. Ko gyaɗa babu. Da can ɗanwake ko ƙosai nake ƙunsa wa Fanna. Tun daga dokarka sai dai in ba ta sule biyu kullum, don ba zan bar 'yar shekara bakwai ta wuni da yunwa ba.

Na biyu. Da azumi ya gabato ta fara tauna abinci da gefe ɗaya. Na sa mata kanumfari, na ba ta ruwan gishiri ta kuskure, kakarta ta ce tsutsar haƙori ce, aka yi hayaƙi. Duk a banza. Wata safiya ta tashi kuncinta na hagu ya kumbura har ido ya rufe, jikinta kamar garwashi, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa sai da kuka. Na goya ta, yarinyar da ta wuce goyo, na fita titi neman tasi. A asibiti aka matse mugunya daga dasashinta, aka yi mata allura kwana biyar, sannan aka cire haƙora huɗu. Ni na danne mata ƙafafu, wata nas ta riƙe kai. Tana kirana tana cewa ta tuba, ba za ta ƙara ba, alhali ba ta san laifin da ta yi ba.

Na uku, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Da ka ga dama ka fito daga ofis ran nan, tsaye ka saurare ni, maƙullin mota a hannunka. Ka yi dariya ka ce ai famfara ce, haƙoran yara dama zubewa suke, wasu su tsiro. To likitan ya nuna mini. Uku daga ciki na yarinta ne, gaskiyarka. Na huɗun turmi ne na can ciki, wanda ya fito mata bara, kuma ya ce irinsa ba ya sake fitowa. Haka za ta girma, haka za ta tsufa babu shi. Ya kuma ce abin da ya fi cin haƙori shi ne yaro ya wuni yana tsotson zaƙi, wannan na narkewa yana jefa wani, bakin bai huta ba. Ya tambaye ni makarantar da take. Da na faɗa masa sai ya ajiye biro, ya ce ba ita ce ta farko daga can ba.

Ba zan wanke kaina tas ba. Ina zuba mata sukari a koko, kuma ban tsaya a kanta ta yi aswaki kullum ba. Wannan nawa ne, na ɗauka, na daina. Amma ni cokali ɗaya nake zubawa da safe, kai kuwa ka kulle ƙofa, ka hana abinci, ka bar yara da alawa tun safe har a tashi.

Na huɗu. Fanna ce aka zaɓa ta karanta jawabin maraba ranar rabon kyauta. Wata guda tana bita a gaban keken ɗinkina har ni ma na haddace. Da ta koma bayan jinya, malamarta ta ce ka ba da umarni a sa wata, wai iska na fita ta giɓin, baƙi ba za su ji ta ba. Yanzu yara na kiranta tsohuwa. In za ta yi magana sai ta rufe baki da gefen ɗankwali. Na yi mata sabuwar riga don wannan rana, tana nan a ninke.

Na biyar. Na bincika. 'Ya'yanka uku da ke makarantar ba sa zuwa shagon. Lokacin tara, in an fito cin abinci, ofishinka suke shiga, inda ake kawo musu shinkafa da wake a kula, wani lokaci har da lemo. Ashe ka san abin da ake sayarwa a gindin bishiyar nan, shi ya sa naka ba sa ci.

Ga abin da nake nema. Ka janye dokar hana abinci. In shagon zai zauna, a sa gyaɗa da dafaffen ƙwai da ayaba, a kwashe ledojin nan masu launi. Ka gayyato ma'aikacin lafiya ya duba bakin kowane yaro, a gaya wa iyaye gaskiya tun kafin fuska ta kumbura. Kuma ka kira Fanna a gaban ajinta ka hana a kira ta tsohuwa. Ba na neman kwabonka.

Na bi gida-gida na nuna wa mata bakin 'yata, su ma sun buɗe na 'ya'yansu sun gani. Ranar Litinin mai zuwa, lokacin tara, za ka same mu a bakin ƙofar makaranta, kowace da kwanon abincin ɗanta a hannu. In ka sa maigadi ya rufe, ta saman katanga za mu miƙa.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ka taɓa danne ƙafar ɗanka ana cire masa haƙori. Allah ya nuna maka gaskiya, ya ba ka ikon bin ta.

Wassalam.

Yagana mai ɗinki,
Lamisula, Maiduguri.