Ɗakin da Aka Ba Kwabbai

Old Kent Road, Landan
Watan Oktoba

Zuwa ga 'yata Zarah,

Kafin komai ga gargaɗi. Kada ki karanta wannan takarda a tsaye, kada ki ba mijinki ya karanta miki, kada kuma ki ɗauki hotonta ki tura wa ƙawayenki. Maganar gida ce. Da hannuna na rubuta, don maganar waya ba ta zama a kai, ni kuwa so nake ta zauna miki, ke da kike ɗauke da cikin fari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya. Ya nauyin jiki, ya laulayi? Ya maigidan naki da Hajiyarsa, ya mutanen Gwammaja duka? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shiga gwiwa.

An yi sunan ɗan yayanki. Sunan mahaifinku aka mayar, Allah Ya jiƙansa, muna ce masa Abba. Angon nawa ɗan ƙarami ne, amma yana kama nono sosai. Abin da ban gaya miki a waya ba shi ne, ba ni nake yi wa matarsa Fauzia wankan jego ba. Uwarta tana Kumasi, an hana ta biza. Na haɗa jakata na ce zan zauna musu a Catford har arba'in, sai yayanki ya sunkuyar da kai ya ce babu wuri. Ɗaki biyu ne a flat ɗin. Ɗaya nasu, na biyun ya ba kwabbai.

Kin tuna ƙaton kwabon jan ƙarfen nan da mahaifinku ya zo da shi daga Rasha lokacin da ya je koyon aikin ƙarfe, wanda muke danne takardu da shi? Daga nan abin ya kama yayanki. Yanzu ya cika ɗaki da akwatuna masu faranti-faranti, kowane kwabo da raminsa, kamar ƙwai a kiret. Wani da mikiya mai kai biyu, wani da mahayin doki yana sokar maciji, wani da harafin sunan wata sarauniyar Rasha da ta mutu tun kafin a haifi kakan kakana. In ya taso daga tuƙin bas ba ya zama da matarsa. Sai ya kulle ƙofa, ya sa safar hannu, ya kafa wani ɗan madubi a ido yana leƙen haruffa biyu ƙanana da ke ƙarƙashin mikiyar, wai su ne ke nuna garin da aka buga kwabon. Yana da sikeli ɗan mitsitsi, yana auna su ɗaya bayan ɗaya don ya gane na jabu. Ran Asabar kuma yana wurin wani tsohon Bature, Bernard, wanda ke yi musu kuɗi.

Ranar suna na leƙa na ga duk sun yi baƙi, na ce ya kawo in jiƙa su da tsamiya in goge su fes. Zarah, da kin ga idonsa! Wai wannan dauɗar ita ce darajarsu, wanda ya goge ta ya kashe kwabon. Na ce to, ni a gidan ubana ba a koya mini cewa dauɗa daraja ce ba. Na ce masa kuma hotunan dabbobi da alamar kuros sun cika masa gida, ya tambayi malamai ko mala'ikun rahama na shiga irin wannan wuri. Ya mayar da makulli aljihu.

Wani abu kuma. Cibiyar Abba ta ɗan fito, in ya yi kuka sai ta kumbura, ga ta ba ta gama bushewa ba. Likita ya ce a bar ta, da kanta za ta koma. Amma gwaggon Fauzia, Adiza, wadda ke sayar da wake da shinkafa nan bayan tashar bas, ta dage a gaban mata: "Ku ɗaura masa kwabo, cibiya zai kwanta! Amma ba kwabon Ingila ba, shi ƙarya ne, fenti ne a kan ƙarfe. Sai jan ƙarfe na gaske." Na tsawata mata. Na ce mun yi makaranta, ba don ado muka yi ba. Ta yi dariya ta ce makarantar tamu ba ta hana mu haihuwa da cibiya ba.

Ki riƙe wannan: in lokacinki ya yi, kada ki zauna jego ba babba a kusa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya raba lafiya.

Mahaifiyarki,
Suweiba

Old Kent Road, Landan
Farkon Nuwamba

'Yata Zarah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki? Kina shan maganin ƙarin jinin kuwa? Na ji daɗin jin cewa ɗan yana motsi. Ki gaida maigida, ki ce na gode da saƙon kilishi.

Gidan yayanki ba lafiya. Kwabo ɗaya ya ɓata.

Sai da ya ɓata na san labarinsa, don yanzu ba shi da zance sai shi. Wai na wani yanki ne mai sanyi da ake kira Sibiriya, yana da dabbobi biyu masu kama da tunku a tsaye suna riƙe da garkuwa. Ya ce duk ɗakin babu mai tsadarsa. Ba a cikin akwati ya ajiye shi ba. Wata cuta ce ta kama shi, wani koren gari da ke fitowa a jikin jan ƙarfe yana cinsa, yana kuma yaɗuwa zuwa na kusa. Shi ya sa ya ware shi a murfin kwalba a bakin taga, yana jiƙa shi da wani ruwan magani. Ka ji mutum! Yana jinyar kwabo, ga mai jego a ɗaya ɗakin tana dafa wa kanta ruwan wanka.

Wata rana ya yi sauri zai tafi aiki, ya manta bai kulle ƙofar ba. Da ya dawo murfin kwalbar babu komai. Ya birkice gidan. Ya zazzage jakar injin shara, ya ɗaga kafet, ya buga wa Bernard waya cewa in an kawo masa shi kasuwa ya riƙe mutumin. Daga nan ya koma kan masu zuwa barka. Ya hana Adiza shiga gidan. Ya ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar. Abin da ya fi ba ni tsoro, a gabana ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse cewa in na cikin gidansa ne ya ɗauka, ko wane ne, ranar zai bar masa gida. Na ce ya yi istigfari, ba a rantsuwa kan ƙarfe. Fauzia tana zaune da yaron a cinya, ba ta ɗago kai ba. Kin san takardar zamanta a ƙasar nan a kan aurensa take.

Ita ma yarinyar ban gane mata ba. Ta rame, ba ta haɗa ido da ni. Na miƙa hannu in karɓi angona in yi masa wanka, ta ƙanƙame shi ta ce, "Mma, na yi masa tun safe, sanyi zai kama shi." Ta naɗe shi da riga kan riga, ta zuba masa turare har yana hawa kai. Na ce mata jariri ba amarya ba ne. Na taɓa goshinsa na ji ɗumi, ta ce kayan ne suka yi yawa. Nas ɗin da ke zagayawa gida-gida duba jarirai ma an yi booking za ta zo, Fauzia ta yi cancel, wai barci take ji. Yaron kuwa kukansa ya canja, ba ƙarfi, kamar na ɗan mage.

Na yi wa yayanki magana a bakin ƙofa. Na ce ɗanka ba ya jin daɗi. Ya ce to, to, zai duba, idonsa na kan waya yana kallon hotunan kwabban da aka sa kasuwa ko zai ga nasa.

Haka zamanin ya zama. Mutum ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafar mikiya, bai san abin da ke cikin gidansa ba. Ran Juma'a in na taso daga masallaci can zan wuce, kuma wannan karon ba izinin kowa zan nema ba.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifiyarki,
Suweiba

Old Kent Road, Landan
Ƙarshen Nuwamba

'Yata Zarah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da Hajiya. Na ga kiranki da yawa ban ɗauka ba. Ki yi haƙuri, bakina ne ba zai iya ba. Ki zauna, ki yi bisimilla. Abba yana raye, wannan shi ne na farko.

Ran Juma'ar nan daga masallacin Regent's Park na shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, na hau bas har Catford. Na tarar da yaron ya daina kuka, ya daina kama nono, jikinsa kamar garwashi. Na ɗauke shi daga hannun Fauzia. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana cewa, "Mma, don Allah, zai kore ni." Na kwantar da shi a kan gado na cire rigunan. A cikinsa akwai tsumma an naɗe an ɗaure tam, ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Warin da turare ke ɓoyewa ya taso. Da na kwance, ga tunkun nan biyu a tsaye suna kallona. Kwabon ya nutse a naman cibiyar, kewaye kore da ruwan miki, fatar cikin ta yi ja har kwiɓi.

A motar asibiti ta gaya mini sauran. Ranar da ta ga ƙofa a buɗe ta shiga neman jan ƙarfe na gaske, kamar yadda gwaggonta ta ce. Tsoron mijinta ya hana ta taɓa na cikin akwati. Sai ta ga ɗaya a yashe a bakin taga, ya yi kore, ta ce wannan ai wanda ya lalace ne, ba zai neme shi ba. Ta zaɓi mafi muni don kada ta ɓata masa rai. Da ya yi rantsuwar nan kuwa, ta rasa inda za ta sa kanta. Ba ta iya mayarwa, ga kwaɗo biyu. Ba ta iya jefarwa, ta ji tsadarsa. Ba ta iya nunawa. Sai ta bar shi inda babu mai dubawa, tana addu'a cibiyar ta kwanta.

Ban wanke ta ba, Zarah. Uwar da ta ji zafi a jikin ɗanta ta rufe da turare ta yi babban laifi, na faɗa mata. Adiza ma na same ta har wurin sana'arta na faɗa mata a gaban masu sayen abincinta. Amma wa ya mai da gidan wurin da mace za ta fi tsoron mijinta a kan ciwon ɗanta?

Yayanki ya zo asibiti da rigar aiki. Likita ta nuna masa kwabon a cikin 'yar leda, ta tambaye shi ko mene ne, da abin da ya taɓa. Nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi irin ƙarfen, ya faɗi sunan maganin da yake jiƙa shi, ya faɗi nauyinsa ba tare da ya duba komai ba. Sai matar council, ta hukumar kula da yara, da aka kira ta tambaye shi nauyin ɗansa ranar da aka haife shi. Ya yi shiru. Ta tambaye shi yaushe ya ga cikin yaron a buɗe. Ya yi shiru. Ina tsaye a gefensa, ledar tana hannunsa. Ɗansa yana bayan gilashi da robobi a hanci da hannu. Na ga babban yatsansa ya juya ledar a hankali, ya karkata ta wajen haske, yana duba ko fuskar kwabon ta lalace. Bai ma san ya yi ba. Matar council ta gani, ta rubuta. Ni na haife shi, ni na goya shi, ranar na kasa kallon fuskarsa.

Ciwon ya shiga jinin Abba. An yi masa aiki an yanke naman da ya ruɓe, an ba shi magani mai ƙarfi. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma an gwada kunnuwansa, na hagu ba ya amsawa, na dama kaɗan-kaɗan. Sun ce a jira a sake gwadawa, ba su yi mana alkawari ba. Jiya na yi masa kiran salla a kunne kamar ranar haihuwarsa, bai ko motsa ido ba.

Council sun so su kai shi gidan wasu baƙi. Na sa mayafina na zauna a gabansu da Turancin da na koya a sakandare, na ce yana da kaka. Sun zo sun duba flat ɗina, suka yarda a sallamo shi hannuna. Fauzia tana nan tare da mu, amma ba a yarda a bar ta ita kaɗai da shi ba sai an sake zama. Yayanki ya yi kaffarar rantsuwarsa. Ya ce Bernard zai zo ya kwashe akwatunan. Ban ce masa ya kyauta ba. Ɗakin da ya hana ni ya samu yanzu, ya zauna a ciki.

Ga dokar da na kafa, na faɗa musu su biyun a tsaye, ke ma ta hau kanki in kin sauka. A gidana babu ƙofar da ake kullewa sai ta waje. Kowace safiya a tsakiyar falo za a tuɓe Abba a yi masa wanka, kowa na gani, ba a ɗaura masa ko zare sai na duba. Ubansa kuwa in ya zo, zai juye aljihunsa a bakin ƙofa, ya wanke hannu, ya zauna in ɗora masa ɗansa. Ba zai tashi ba sai ya dube shi tun daga kai har tafin ƙafa, gaba da baya, ya gaya mini abin da ya gani.

Allah Ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki,
Suweiba