Wanda Zai Riƙe Maganaɗisun

Ni mahaifiyarku ce na rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, babu zazzaɓi, babu mayen magani. Da safen nan likita ya tambaye ni rana da wata na faɗa masa, har na gyara masa kuskure a takardarsa. Jibi za su sake tsaga ƙasan kafaɗata ta hagu su canja batirin na'urar da ke ƙirjina. Ya ce aikin ƙarami ne, amma sai da ya daɗe yana kallon hoton zuciyata kafin ya faɗa. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na san fuskar wanda ya san amsa amma ba ya son bayarwa.

Shekara bakwai ke nan ina ɗauke da ita: ɗan ƙarfe da bai fi akwatin ashana ba, da wayoyi uku da suka shiga zuciya. Aikinta biyu. Ɓangarorin zuciyata ba sa bugawa tare, kamar dai ku ukun nan, ita ke sa su jitu. In kuma bugun ya haukace, sai ta maka mini lantarki ya dawo hanya. Sau biyu ta yi. Na farkon ina kicin riƙe da tire, na ji kamar an buga mini taɓarya daga ciki. Ta ceci raina, na sani. Amma tun ranar ban sake ɗaukar jika a tsaye ba.

1. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Kawunku na da takardun. Littattafaina na Auta ne, ita kaɗai ke mayar da littafi inda ta ɗauko shi.

2. Ɗakin ajiya na Injiniya ne: fanka tara, rediyo huɗu, da dutsen guga da ya girmi Auta. Marigayi babanku ya rene ku a kan cewa babu abin da ya mutu, sai wanda ba a kai ga gyara shi ba. Ya yi mana amfani a kan fanka. Ina tsoron ranar da za ku gwada shi a kaina.

3. Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Bara da aka kwantar da ni, akwai wata tsohuwa a gadon kusa, mai irin na'urata. Lokacinta ya yi, kowa ya gani, na'urar ce kawai ba a gaya wa ba. Duk sanda zuciyar ta nemi tsayawa sai ta buge ta, gadon ya yi ƙara, jikinta ya zabura. Labule ne kawai tsakaninmu. Na ƙirga har goma sha ɗaya. 'Ya'yanta na bakin ƙofa suna gardamar wanda zai ba da izini a kashe bugun lantarkin, kowa na gudun a ce shi ne. Ban ji tsoron mutuwa ba ranar, 'ya'yan na ji tsoro, don duk sun yi kama da ku.

Saboda haka, ranar da likita ya ce muku babu sauran abin yi, ku ce ya kashe ɓangaren bugun lantarkin kawai. Ɓangaren da ke daidaita zuciya a bar shi. Na tambayi malamin da na yarda da iliminsa, ya ce barin maganin da ya koma azaba zalla ba kisa ba ne, ajali kuma ba a hannun batiri yake ba.

4. In abin ya same ni a gida, akwai maganaɗisu mai kamar zobe da ma'aikaciyar jinya ta ba ni. In aka ɗora shi kan na'urar, bugun lantarkin zai dakata har ma'aikatan asibiti su iso. Na manna shi a jikin firij. Wata uku ina neman sa, ina hawa kujera ina leƙa saman kabad da wannan numfashin nawa. Makon jiya na gan shi cikin akwatin kayan aikinka, Injiniya, kusoshi sun manne masa. Ba zan tambaye ka ba. Na san so ne. Ita ma tsohuwar can, so ne ya tsayar da 'ya'yanta a bakin ƙofa.

5. Lauya, tun da kika gano Injiniya ne ya ɗauke ba ki yi masa magana ba, sai dai ki aika saƙo ta bakin Auta, kamar gidan ba shi da ƙofa. Kin fi shi gaskiya, kin kuma tabbatar kowa ya sani. Ya isa haka. Yayanki ne, ki je ki gaishe shi kafin jibi, ina so in shiga ɗakin tiyata da wannan labarin.

6. Maganaɗisun na bar maka, Injiniya. Lauya za ta iya, har da sauri, amma in ita ta ɗora ba za ka taɓa yafe mata ba, kuma za ku rabu a kan gawata. Auta kuka zai hana ta ganin wurin. Kai hannunka ba ya rawa, ka kuma san wutar lantarki fiye da kowa a gidan nan. Ka tuna yadda ta yar da kai daga tsani kana saurayi, ka kwana biyu ba ka magana. Sau ɗaya ke nan. Ka ƙirga goma sha ɗaya.

Ina jin tsoro, yarana. Na rubuta a fili don kada ku ce Mama dutse ce, ba ta damu ba. Da na ji wani ɗan motsi a ƙirji sai in dafa bango in jira.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mini. Na yafe muku duka, har da maganaɗisun, ku ma ku yafe mini kaifin bakina. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci tare ko da kuna fushi.

Kai kuma babban ɗana, in ranar ta zo, ka share kusoshin, ka ɗora shi daidai kan tabon, ka manne da filasta. Sannan ka ja kujera, ka kira ƙannenka, ka riƙe hannuna. Kada ka gyara komai.